Amsoshin Tambayoyinku: Harsashi, Tanka da Jirage Marasa Matuƙa a Yaƙin Yukren

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon yawancinsu a kan yaƙin Rasha da Yukren ne, wanda ya ɓarke gadan-gadan ranar 24 ga Fabrairu 2022. Mun zaɓi waɗanda suka shafi makamai da yadda suke isa fagen daga, mun kuma taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri.

Assalamu alaikum. Kullum ana cewa ƙasashen NATO sun fi Rasha arziki nesa ba kusa ba. To yaya aka yi Yukren ke kukan ƙarancin harsasai alhali su ne ke ba ta? Ko dai rowa ce? — Wani mai karatu

Wa'alaikumus salam, Malam. Jan ƙafa na siyasa yana nan, za mu zo kansa, amma tushen matsalar a masana'anta yake. Kuɗi ba ya zama harsashi a rana ɗaya.

Harsashin da ake kuka a kansa na igwa ne, wato atilare, mai faɗin milimita 155, nauyinsa kilo 43 zuwa 47. Abu huɗu ne sai sun haɗu kafin a harba shi: ƙwanson ƙarfe mai cike da nakiya, da albarushin da ke tunkuɗa shi waje, da kan da ake ɗaurawa a hancinsa wanda ke tayar da shi idan ya isa, da ɗan ƙyastun da ke kunna albarushin. Kowanne da masana'antarsa, wani lokaci ma kowanne da ƙasarsa. Ɗaya ya yi ƙaranci, sauran ukun sun zama kayan ajiya.

Ga yadda ake yin ƙwanson. A masana'antar sojan Amurka da ke Scranton, jihar Pennsylvania, ana yanka sandar ƙarfe gunduwa-gunduwa, a gasa ta har zafin ya wuce digiri 1,000, injin matsa ya rarake cikinta, a matse bakin ya yi tsini, a sake gasawa don ya yi tauri, a goge a inji har awo ya daidaita, sannan a ɗaura masa zoben jan ƙarfe kusa da gindi. Zoben nan ne ke kama zanen da ke cikin bututun igwa, ya sa harsashi ya riƙa juyi a iska ya tafi a miƙe. Daga nan a kwashi ƙwansunan zuwa wata masana'anta a jihar Iowa a zuba musu nakiya. Nakiyar TNT tana narkewa a wajen digiri 80, a narke ake zuba ta, kuma dole ta huce a hankali. Idan aka yi gaggawa sai ta bar kogo ko tsaga a ciki, kuma harsashi mai kogo yana iya tashi tun yana cikin bututu ya kashe masu harba shi. Shi ya sa ake ɗaukar hoton cikin harsasan kafin su fita, shi ya sa kuma ba a iya cewa ma'aikata su ninka sauri kawai.

Ita kanta TNT, Amurka ta daina yin ta tun shekarun 1980, sayo ta take yi, kuma babbar masana'antarta a cikin ƙasashen NATO ita ce Nitro-Chem da ke Polan. Albarushi kuwa ana yin sa da ɗan gajeren gashin da ke saura jikin angurya bayan an gurje auduga, kuma kaso mai yawa na wannan daga ƙasar Sin yake fitowa.

Yanzu duba lissafin. Kafin yaƙin, Amurka na ƙera harsashin 155 kusan 14,000 a wata. A lokacin zafin faɗa na 2022 an ƙiyasta Yukren na harba 5,000 zuwa 7,000 a rana, Rasha kuma ninkin haka sau da yawa. Ke nan aikin wata guda na Amurka ba ya cika kwana uku a fagen daga. A Fabrairun 2023 sakataren NATO na lokacin, Jens Stoltenberg, ya ce jiran odar manyan harsasai ya tashi daga wata 12 zuwa wata 28. A Oktoban shekarar, shugaban kwamitin sojan ƙungiyar na lokacin, Rob Bauer, ya ce farashin harsashi ɗaya ya tashi daga yuro 2,000 zuwa 8,000. Tarayyar Turai ta yi alkawarin harsashi miliyan ɗaya zuwa Maris 2024, wa'adi ya cika da kusan rabi kawai, sai a ƙarshen shekarar aka cike. Abin da ya toshe giɓin shi ne shirin Jamhuriyar Cek, wanda shugabanta Petr Pavel ya bayyana a Munich a Fabrairun 2024: a tara kuɗi a sayo harsasai a asirce daga ƙasashen da ke wajen Turai, da farko 800,000.

A nan ne laifin gwamnatoci yake. Kamfani ba zai gina sabuwar masana'anta ba sai ya ga kwangila ta shekaru a hannu, su kuwa gwamnatocin Turai sun shafe fiye da shekara suna fatan yaƙin zai ƙare kafin su sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin Rheinmetall na Jamus ya aza harsashin ginin sabuwar masana'antarsa a Unterlüß a Fabrairun 2024, ba a buɗe ta ba sai Agustan 2025. Ga kuma majalisar Amurka da ta riƙe tallafin dala biliyan 61 kusan wata shida, har Afrilun 2024. A cikin wannan tsakanin ne sojojin Yukren suka koma ƙidaya harsashi, garin Avdiivka kuma ya faɗa hannun Rasha a Fabrairun 2024. Mutane ne suka biya wannan jinkirin da rayukansu.

Na yi aikin soja. Na san igwa ba ta dawwama. Yaya waɗannan manyan bindigogi da aka ba Yukren ke jure irin wannan harbi? — Wani tsohon soja

Yallabai, ba sa jurewa, kuma wannan ne ɓangaren da labarai ba su cika kawowa ba. Bututun igwa irin M777 yana ɗaukar harbi wajen 2,000 zuwa 2,500 idan ana cika albarushi, daga nan sai canji. Zafi da gogayya suna cinye zanen ciki, hayaƙi ya riƙa zurarewa ta gefen harsashi, ƙarfin tunkuɗa ya ragu, harsashi ya faɗi kafin inda aka auna. Wani lokaci inda ya faɗin nan dakarunka ne ke wurin. A ƙarshen 2022 an ruwaito cewa a kowane lokaci kusan kashi ɗaya cikin uku na igwogin da Yamma ta bayar suna wajen gyara. Canza bututu kuma ba aikin bakin daga ba ne, a farkon yaƙin sai an ja igwar har Polan. Igwar Jamus mai suna PzH 2000 an tsara ta ne a kan harbi kamar 100 a rana, da aka wuce haka sai na'urar loda harsashinta ta fara ba da matsala, aka riƙa kai ta Lituweniya gyara.

Sai batun yawan iri. Yukren ta shiga yaƙin da igwogin zamanin Tarayyar Sobiyat masu cin harsashin milimita 152 da 122, waɗanda yawancin ƙasashen Yamma ba sa ƙerawa. Sai aka kawo mata M777 daga Amurka, CAESAR daga Faransa, Krab daga Polan, Archer daga Suwidin, kowacce da kayan gyaranta da littafinta da horon makanikanta. Ko harsashin 155 ɗin ma, na wannan kamfani da na wancan ba sa tafiya nisa ɗaya da albarushi ɗaya. Kowanne yana da jadawalin awonsa, idan babu jadawalin a kwamfutar igwar sai an yi harbin gwaji, wanda ke cin harsashi yana kuma tona asirin inda kake. Shi ya sa muke ganin igwar Bohdana da Yukren ke ƙerawa da kanta ta fi wasu kyaututtukan amfani: mai gyaranta yana kusa.

An yi ta hayaniya a kan tankokin Leopard da Abrams kamar su za su ƙare yaƙin. Me ya faru da su? — Wata malamar makaranta

Malama, abu uku ya faru: sun zo a makare, sun zo kaɗan, kuma fagen da suka tarar ba wanda aka ƙera su dominsa ba ne.

Jamus ta amince a ba da Leopard 2 ranar 25 ga Janairu 2023. Birtaniya ta ba da Challenger 2 guda 14, Amurka ta ba da Abrams 31 waɗanda ba su iso ba sai Satumba. Duk watannin da aka yi ana ja-in-ja, Rasha na haƙa ramuka tana binne nakiyoyi a kudancin yankin Zaporizhzhia. Da farmakin Yukren ya fara a Yunin 2023 da niyyar kaiwa Melitopol da gaɓar tekun Azov, sai aka tarar da filayen nakiya masu zurfin ɗaruruwan mitoci. Nakiyar TM-62 tana ɗauke da abin fashewa kilo bakwai da rabi, ta isa ta tsinke sarƙar kowace tanka. Motocin share nakiya kaɗan ne, su ake fara auna wa. Tanka ta gaba ta tsaya, na baya su jeru a siririyar hanyar da aka share, sai atilare da jirage masu saukar ungulu na Ka-52 su riƙa ɗaukar su daga nisan kilomita takwas. Farmakin ya tsaya a kewayen ƙauyen Robotyne.

Akwai kuma nauyi. Leopard 2 da Abrams nauyinsu daga tan 55 ne zuwa sama da 60, T-72 ta Rasha kuwa wajen tan 45. Gadoji da yawa na karkara ba sa ɗaukar tan 60, motar da za ta ja T-72 daga taɓo ba lalle ta iya jan Abrams ba. Injin Abrams irin na jirgin sama ne, yana shan mai sosai, matatar iskarsa kuma na buƙatar shara a kai a kai. Challenger 2 ma harsashinta daban yake da na sauran biyun duk da faɗin ɗaya ne. Sulken duk waɗannan tankoki a gaba ya fi kauri, domin an zaci daga gaba abokin gaba zai harbo. Ƙaramin jirgi maras matuƙi kuwa ta sama yake zuwa, ko ta baya wajen inji. Shi ya sa za ki ga tankokin ɓangarorin biyu sanye da keji na ƙarfe da raga.

Amma kada a ce ba su da amfani. A T-72 harsasai suna jere ne a ƙarƙashin inda mutane ke zaune, idan wuta ta kai gare su kan tankar ne ke tashi sama da duk wanda ke ciki. A Abrams harsasan suna wani ɗaki a baya mai ƙofar ƙarfe da murfin da ke ɓallewa ya fitar da wutar waje. Tanka ta ƙone, mutum huɗu su fito da ƙafarsu. Ga ƙasar da ke ƙarancin sojoji har ta rage shekarun kiran yaƙi daga 27 zuwa 25 a Afrilun 2024, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar sulke ta Bradley ma saboda wannan dalilin sojojin Yukren ke yaba ta.

Idan Patriot tana kakkaɓo makamai masu linzami, me ya hana a kewaye biranen Yukren duka da ita a huta? — Wani ɗalibi

Ɗalibi, da ana iyawa da an yi. Patriot ba bindiga ɗaya ba ce, rukuni ne: na'urar rada mai hango abin da ke tafe, motar ba da umarni, janareta, motar eriya, da motocin harbawa har takwas, ga sojoji kusan 90 masu kula da su. Rukuni ɗaya da makamansa ya haura dala biliyan ɗaya. Na farko ya isa Yukren a Afrilun 2023, kuma ranar 4 ga Mayu ya kakkaɓo makamin Kinzhal a saman Kiyev, wanda Rasha ke cewa ba a iya tare shi.

Matsalar tana wajen makamin da ake harbawa. PAC-3 MSE guda ɗaya ya kai wajen dala miliyan huɗu, kuma kamfanin Lockheed Martin ya ƙera kusan 500 ne a duk shekarar 2024, na duniya baki ɗaya, har da Amurka kanta da sauran masu saye. A ƙa'ida kuma biyu ake harba wa makami mai linzami ɗaya irin Iskander don kada a kuskure. Ka ga ke nan ko da an ba ka motocin harbawa ɗari, abin da za ka sa a ciki ƙidayayye ne.

Rasha ta gane wannan. Tun Satumban 2022 take amfani da jirgin Shahed-136 na Iran, wanda yanzu take ƙerawa da kanta a Alabuga, yankin Tatarstan, da sunan Geran-2. Injinsa ƙarami ne mai farfela, gudunsa wajen kilomita 185 a awa, yana ɗauke da nakiya kilo 50, wasu sababbi har 90, kuɗinsa dubban daloli gommai ne kawai. Tana kuma haɗa su da na bogi masu suna Gerbera, na katako da soso, waɗanda a rada suke kama da na gaske. A daren 7 ga Satumba 2025 kaɗai an turo jirage fiye da 800. Wanda ya harba makamin dala miliyan huɗu a kan kowanne, cikin dare ɗaya zai ƙarar da aikin shekara.

Don haka kariyar hawa-hawa ce. Ana ajiye Patriot da SAMP/T ta Faransa da Italiya don makamai masu linzami masu faɗowa daga sama da tsananin gudu. IRIS-T ta Jamus da NASAMS ta Norwe da Amurka suna kakkaɓo makaman da ke tafiya ƙasa-ƙasa. Shahed kuma an bar wa masu araha: motar Gepard mai bindiga biyu na milimita 35 da ke kaiwa kamar kilomita huɗu, da ayarin motoci a-kori-kura ɗauke da manyan bindigogi da fitilu, waɗanda dubban na'urorin sauraro da aka kafa a kan turaku ke gaya musu ta inda ƙarar injin ke bi. Ko Gepard ɗin ma ta yi fama: harsashinta a Suwizalan aka yi, Suwizalan kuma ta hana a miƙa shi saboda dokarta ta 'yan-ba-ruwanmu, sai da Jamus ta buɗe sabon layin ƙera shi a 2023. Da Rasha ta ga bindigogi na cin jiragenta, sai ta riƙa tashinsu sama da kilomita biyu inda harsashi ba ya kaiwa, su sulmiyo a kan abin da aka auna. Amsar Yukren ita ce ƙananan jirage masu farautar jirage, na 'yan dubban daloli. Duk daren da lissafin nan ya gaza, tashar lantarki ce ko gidan kwanan mutane ke ɗaukar dukan, sau da yawa a tsakiyar hunturu.

Ina jirage F-16 da aka yi ta alkawari? — Wani mai karatu

Sun iso, Malam. Holan da Denmak sun yi alkawari a Agustan 2023, na farko suka sauka bayan shekara guda, Faransa kuma ta ƙara da Mirage 2000 a Fabrairun 2025. Abin da ya ja lokaci shi ne horo, na matuƙa da na makanikai, har da koyon harshen da littattafan jirgin ke ciki. Bakin shaƙar iskar F-16 a ƙasan cikinsa yake, yana zuƙar tsakuwa, don haka titin tashinsa sai an share shi tas, ga kuma buƙatar canza masa masauki kullum don kada a same shi a ƙasa. Yawancin aikinsu yanzu kakkaɓo jirage marasa matuƙa ne da makamai masu linzami a bayan fage. Kusantar bakin daga haɗari ne saboda na'urorin kakkaɓo jirage S-400 na Rasha. Wannan ne ma ya sa ba su iya hana jiragen Su-34 na Rasha sakin bama-bamai masu fukafukai ba, tsofaffin bama-bamai na kilo 250 zuwa tan uku da aka ɗaura wa fiffike suke lulawa kilomita 40 zuwa 70 ba tare da jirgin ya matso ba.

Ni mai gyaran wayoyi ne. Ina son sanin yadda waɗannan ƙananan jirage da ake ganin bidiyonsu suke aiki, da abin da ke sa su gaza. — Wani mai sana'a

Maigida, da ka buɗe ɗaya za ka gane yawancin abin da ke ciki. Firam ne mai faɗin inci bakwai zuwa goma, da ƙananan motoci huɗu masu farfela, da batirin litiyom, da kyamara, da allon sarrafawa, da na'ura biyu na rediyo: ɗaya na karɓar umarni, ɗaya na aika hoto zuwa tabaran da matuƙi ke sanye da shi. A ƙasa ana ɗaure nakiya kilo ɗaya zuwa biyu, sau da yawa kan rokar RPG-7. Duka-duka dala 400 zuwa 500. Batirin yana ɗaukar minti 10 zuwa 20. Ba mutum ɗaya ke aikin ba: akwai matuƙi, da mai duba taswira yana nuna masa hanya, da mai haɗa nakiya, da wani jirgin leƙen asiri a sama wanda shi ya fara gano abin da za a kai wa hari. Yukren ta ce ta ƙera jirage marasa matuƙa fiye da miliyan biyu a 2024, ta kuma kafa musu rundunarsu ta musamman a shekarar.

Bidiyon da kake gani na waɗanda suka dace ne. Da yawa ba sa kaiwa. Babban dalili shi ne toshe sigina: abokin gaba yana watsa ƙara a kan zangon rediyon da kake amfani da shi, kamar mai kiran ɗan'uwansa a tsakiyar makaɗa, muryar na fita amma ba ta isa. Hoto ya dusashe, jirgi ya faɗi. Wani lokaci na'urar toshewar ta dakarunka ce, domin ba a gaya wa juna zangon da za a bari a buɗe ba. Sigina kuma na yankewa idan jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa bayan tudu ko bishiyoyi, wato daidai lokacin da matuƙi ya fi buƙatar gani. Sanyi na shanye batir, hazo da ruwan sama na rufe kyamara, kan nakiyar da aka haɗa da hannu yakan ƙi tashi ko ya tashi a hannun mai haɗa shi.

Maganin toshewa da ya bazu tun 2024, Rasha ce ta fara yawaita shi a yankinta na Kursk, shi ne a bar rediyo gaba ɗaya. Jirgin yana ɗauke da ƙullin zaren gilashi mai kaurin kusan rubu'in milimita, tsawon kilomita 10 zuwa 20, yana warware shi yana tafe, umarni da hoto duk ta cikin zaren suke bi. Ba abin da za a toshe, na'urar gano sigina ma ba ta jin zuwansa. Yana iya sauka gefen hanya ya kashe farfela ya jira mota. Illarsa nauyi ne, domin ƙullin na rage nakiyar da zai ɗauka, kuma zaren na tsinkewa idan aka yi kwana mai kaifi ko ya sarƙe a reshe.

Abin da wannan ya haifar shi ne, daga bakin daga zuwa kilomita 10 ko 20 baya, duk abin da ya motsa ana ganinsa. Ana rufe hanyoyi da raga, ana kai abinci da ruwa da jirage, sojan da ya ji rauni yakan kwana a rami, wani lokaci kwanaki, kafin a iya fitar da shi. Raunin da likita zai iya ceto cikin awa ɗaya yana zama sanadin yanke ƙafa ko rasa rai.

Toshe sigina bai tsaya kan ƙananan jirage ba. Rokokin HIMARS da suka iso a Yunin 2022, masu kaiwa kilomita 70 zuwa 80, sun ƙona rumbunan makaman Rasha sun lalata gadar Antonivsky har Rasha ta janye daga birnin Kherson a Nuwamba. Daga baya Rasha ta ja rumbunanta baya ta kuma riƙa rikita siginar tauraron ɗan'adam da ke yi musu jagora. Harsashin Excalibur mai bin wannan siginar ya fi shan wahala. Kowane sabon makami yana da 'yan watanni na cin kasuwa kafin a samo maganinsa, shi ya sa ba da shi kaɗan-kaɗan bayan dogon shawara yake zubar da rabin amfaninsa.

Idan shugaba ya ce ya ba Yukren makamai na dala biliyan kaza, ta yaya suke isa, kuma wa ke biya yanzu? Ita Rasha fa daga ina take samun nata? — Wata mai karatu

Hajiya, a lura da bambancin alkawari iri biyu. A tsarin Amurka, akwai wanda shugaban ƙasa ke ba da umarni a ɗebo daga rumbun soja, wannan yana iya isa cikin kwanaki ko makonni. Akwai kuma wanda ake ba kamfani kwangila ya ƙera sabo, wannan shekara ɗaya ko biyu ne ko fiye. Duka biyun da adadin dala ake sanar da su, mai sauraro ya zaci kayan na kan hanya.

Yawancin kayan suna sauka ne a filin jirgin Rzeszów da ke kudu maso gabashin Polan, daga nan a raba su a manyan motoci da jiragen ƙasa. Faɗin layin dogon Yukren milimita 1,520 ne, na Polan 1,435, don haka sai an sauke an sake lodi a iyaka. Kafin nan sai an horar da masu amfani da kayan, a Jamus ko Birtaniya ko Polan, sai kuma ƙasar da ta ƙera makamin ta ba da izinin a miƙa shi, ko da a hannun wata ƙasa yake. Izinin inda za a harba shi ma daban ne: makamin ATACMS mai kaiwa kilomita 300 ba a yarda a harba shi cikin ƙasar Rasha ba sai Nuwamban 2024. Ƙasashe kusan 50 ne ke tsara wannan a taron da aka fara a sansanin Ramstein na Jamus a Afrilun 2022.

Batun biya ya sauya a 2025. Gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafi na kusan mako guda a Maris, sannan a Yuli aka fito da tsarin da ƙasashen Turai da Kanada ke saya daga Amurka su ba Yukren, kashi-kashi na wajen dala miliyan 500. Akwai kuma bashin dala biliyan 50 na ƙasashen G7, wanda ake biya da ribar kadarorin Rasha da aka riƙe, yawancinsu a Beljiyam. Hanyar da muke ganin ta fi sauri ita ce wadda Denmak ta buɗe a 2024, ta biya masana'antun Yukren kai tsaye suka ƙera igwa Bohdana 18 cikin 'yan watanni. A 2025 shugaba Zelensky ya ce fiye da kashi 40 cikin ɗari na makaman da ke bakin daga ƙirar gida ne.

Rasha kuwa ta ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta na 2025 ga tsaro. Tana fito da tsofaffin tankoki daga ma'ajiya, har da T-62, tana gyarawa, masana'antar Uralvagonzavod kuma na ƙera sababbi. Tun bayan ganawar Putin da Kim Jong Un a Satumban 2023, Koriya ta Arewa ta aika mata miliyoyin harsasai, da makamai masu linzami KN-23, sannan da sojoji fiye da 10,000 zuwa Kursk a ƙarshen 2024. Harsasan Koriya ta Arewa an sha kukan rashin ingancinsu, albarushinsu ba ya zuwa daidai, amma faɗinsu 152 da 122 ne, suna shiga igwogin Rasha ba tare da an canza komai ba, kuma ta jirgin ruwa da layin dogo suke zuwa ba tare da jiran amincewar wata majalisa ba. A cikin tarkacen makamai masu linzamin da ke faɗowa biranen Yukren har yanzu ana tsintar ƙananan na'urorin lantarki ƙirar kamfanonin Yamma, waɗanda 'yan kasuwa ke saya ta wasu ƙasashe su sake sayarwa Rasha duk da takunkumi.